Na Ce Musu Farauta Ya Tafi

Asabar, 29 ga Yuli, bakwai na safe

Kwana biyu ke nan da Efraim ya fita. Ya ɗauki jakar goyo da ƙaramar tukunya da jar rigar ruwansa, ya bi ta bayan unguwar karnuka, ya kama hanyar da baƙi ke biyowa su shigo mana Sisimiut a ƙafa. Shekara talatin da huɗu da aurenmu ban taɓa ganin ya taka hanyar nan ba sai da hunturu, a kan keken da karnuka ke ja a ƙanƙara. Shi ne mai cewa duk wanda ya ga jirgi ya ƙi, ya zaɓi tafiyar kwana tara a ƙasa, a duba masa kai.

Bai ce mini komai ba. Ina wanke kofuna ya zo ya tsaya a bayana, ya ɗan jima, sai na ji ƙofa.

Duk wanda ya tambaye ni, na ce farautar barewa ya tafi. Bindigar kuwa a bayan ƙofa ya bar ta. Jiya na mayar da ita ƙarƙashin gado.

Lahadi, 30 ga Yuli, ɗaya na rana

Na je coci. Na zauna a bencin da nake zama tun ina amarya, na uku daga gaba. Benci ne na mutum shida, yau ni kaɗai ce a kai, sai na ɗora jakata a gefe, na miƙe ƙafa.

Makka tana gabana. Tare muka yi makaranta da ita, tare muka koyi ɗinkin fata, ni na riƙe mata hannu ranar da ta haifi Qillaq. Tun ranar tara ga wata, ranar da Qillaq ya fita teku tare da Efraim bai dawo ba, ba ta dube ni ba. Ƙeyarta na kalla har aka tashi. Na yi waƙa da ƙarfi, har fasto ya ɗago kai.

Litinin, 31 ga Yuli, huɗu na yamma

Na koma aiki a masaukin matafiya. Bolethe, wadda muke haɗa karin kumallo tare, ta tare ni da cewa ashe Efraim ya tafi farauta. Na ɗaga mata gira, yadda muke cewa e a nan. Ta ce ikon Allah, ai sai gobe ake buɗe farautar barewa. Na ce mai son nama mai kyau sammako yake yi.

A bakin ƙofa akwai allon da muke rubuta wa baƙi abin da za su yi a gari kafin jirginsu ya zo: gidan tarihi, tsohon coci, hawan dutse, kallon karnuka, shan gahawa a gidan mutane. Layin ƙarshe shekara tara yana nan: zuwa tsohon ƙauyen Assaqutaq a jirgin ruwan Efraim. Na tarar an goge shi. Na ɗauki alli na mayar. Bolethe ta ce ai jirgin yana ɗaure, mai jirgin ba ya nan, yaudarar baƙi ke nan. Na ce wanda ya tambaya a turo mini shi.

Wasu Jamusawa mata da miji sun iso, fuska duk cizon sauro. Matar ta tambaye ni me ake yi a garin nan. Na ce zan gaya mata, amma ta fara gaya mini ko sun ga mutum mai jar riga. Sun gan shi kusa da bukkar matafiya ta biyu a kan hanyar. Sun gaishe shi, ya ɗaga gira, ya wuce. Mijin ya ce tafiyarsa kamar wanda jirgi zai tashi ya bari.

Talata, 1 ga Agusta, shida na yamma

Karnuka goma sha ɗaya, bokitin kifi biyu, gwiwa ɗaya mai ciwo. Bai yi tunanin wannan ba da zai tafi.

Laraba, 2 ga Agusta, biyar na yamma

An sake goge layin a allo. Na sake rubutawa.

Na biya teburin mafarauta sayen kifi. Hira ake yi da dariya, ina isowa kowa ya sunkuya yana neman wuƙarsa. A garin nan ba a zagin mutum. Shiru ake yi masa har ya ji kamar iska ce ta wuce. 'Yan sanda sun kira Efraim sau biyu, sun tambaye shi abin da za su tambaya, sun sallame shi, sun ce magana ta ƙare. A wurinsu ne ta ƙare. Kwana goma sha takwas ya yi yana shiga kanti yana fita babu wanda ya ce masa sannu, mutumin da rabin mazan nan shi ya koya musu karanta sararin sama.

Na zaɓi kifi mafi girma, na sa aka yanka mini shi a hankali, ina tsaye a tsakiyarsu.

Alhamis, 3 ga Agusta, bakwai na yamma

'Yarmu Arnajaraq ta bugo daga Nuuk. Ta ce, "Anaana, uwata, ki kira masu ceto su tashi jirgin sama su nemo shi." Na ce ubanki bai ɓata ba, hanya ɗaya ce, kowa yana ganinsa a kai. Ta ce to me ya sa ya tafi. Na ce ya tafi. Ta ce in rufe gida in zo wurinta har abin ya lafa. Na ce karnuka fa, su ma in sayo musu tikiti?

Ta yi kuka. Na jira ta gama, na tambaye ta ko yaran sun warke daga tari.

Juma'a, 4 ga Agusta, uku na yamma

Wata malamar makaranta 'yar Faransa ta iso ita kaɗai, ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa tana cire takalmi tana dariya tana hawaye. Ta ce a babban kogi ruwa ya kai mata ƙugu, ta tsaya a tsakiya ta kasa gaba ta kasa baya. Sai ga wani dattijo mai jar riga ya shigo ruwan da kayansa, ya kama ta a wuyan hannu. Ta nuna mini wurin. Shatin yatsu huɗu, sun yi baƙi. Ta ce har suka fita tudu bai sake ta ba, sai da ta ce masa ta tsira, sau biyu.

Na ce mata mijina ne. Na ce ta zo gidana gobe ta sha gahawa, kyauta.

Na shiga ɗakin ajiye zannuwa na ɗan zauna.

Asabar, 5 ga Agusta, shida na yamma

Na buɗe gida. Na toya kek iri uku, na fito da kofunan bikinmu. 'Yar Faransa ta zo da wasu mutum huɗu, suka jera takalma a ƙofa, suka cika mini falo da warin safa. Na bar labule a buɗe don masu wucewa su gani. Sun tambayi hoton da ke bango, wanda Efraim da Qillaq ke riƙe da babban kifi a kan jirgi. Na ce mijina ne da abokin aikinsa. Suka ce ɗansa ne? Na ce kusan haka. Na ƙara musu gahawa.

Ban sauke hoton ba, ba kuma zan sauke ba.

Lahadi, 6 ga Agusta, biyu na rana

Ɗan ƙanwata da ke aiki a kantin Kangerlussuaq, can ƙarshen hanyar, ya bugo. Ya ce Efraim ya shigo jiya, gemu ya fito masa, ya sayi gahawa da ashana da taba. Ya zauna a waje yana kallon jiragen sama suna tashi har aka rufe kanti. Da safe aka ga ya koma ta inda ya fito.

Bolethe ta riga ta baza cewa Danmak zai gudu. To ga shi bai hau ba.

Ya daina shan taba shekara goma sha biyu da suka wuce. Zai ji daga gare ni.

Talata, 8 ga Agusta, huɗu na yamma

Yau na ji kalmar da kunnena. Ina bayan kantar gwangwanaye a kanti, mata biyu suna ɗaya gefen. Ɗaya ta ce ai ya zama qivittoq. Da wannan ake tsorata mu muna yara: mutumin da kunya ta kora cikin duwatsu, ya bar mutane har abada, har ya daina zama mutum. Ɗayar ta ce mai gaskiya ba ya gudu. Ta ce mutum biyu suka fita cikin hazo, ɗaya ya dawo, kuma an ce ya kama shi sannan ya saki.

Na zagayo da kwandona. Na ce, "Sannunku. Qivittoq ɗin jiya-jiyan nan ya sayi gahawa a kanti, ya karɓi canjinsa. In kuna da saƙo ku ba ni, yana hanya."

Ɗaya ta yi ja har kunne. Na tambaye ta lafiyar mahaifiyarta, na sa ta amsa.

Da na iso gida na ga ban sayi komai ba.

Laraba, 9 ga Agusta, bakwai na safe

Wata ɗaya yau. Teku ba ta dawo da Qillaq ba.

Alhamis, 10 ga Agusta, biyar na yamma

An goge, na rubuta. Allin ya kusa ƙarewa, na sayo kwali guda na ajiye a gaban Bolethe.

Wasu 'yan'uwa biyu daga Holan sun ce a bakin dogon tafki sun ga mutumin yana liƙe wani tsohon kwale-kwale da ya huje. Ya ba su kifi biyu, bai karɓi komai ba. Suka ce a kowace bukka akwai littafin da matafiya ke sa suna, sun duba, nasa babu. Sai dai duk inda ya kwana ana ganewa: an gyara ƙofa, an share, an ƙone shara. Ƙofar ɗakin wankanmu shekara biyu ina roƙo.

Sun tambayi abin yi a gari. Na ce su hau dutse. Suka ce kwana tara suna hawa duwatsu. Na ce to su je su zauna a bakin tashar jiragen ruwa su kalli ruwa, abin da mu muke yi ke nan.

Asabar, 12 ga Agusta, sha ɗaya na safe

Ivaana, matar Qillaq, ta haihu da asuba. Namiji. Daga tagata na ga an ɗaga tuta a gidan Makka. Ba sai an gaya mini sunan da za a sa masa ba, kowa ya san Qillaq ne. Suna ba ya daɗewa a cikin ruwa, yana neman jiki ya dawo gida.

Tun watan Mayu na ɗinka masa 'yan takalman fata. Na naɗe su a takarda, na je, na ƙwanƙwasa. Makka ce ta buɗe. Ta dubi ƙunshin, ta dubi bayana, kamar tana neman wani. Ta ce, "Ke kaɗai?" Na ce ni kaɗai. Ta karɓa, ta rufe ƙofa a hankali.

Kalma biyu cikin kwana talatin da huɗu. Na karɓa.

Litinin, 14 ga Agusta, takwas na safe

Ba labari. Ruwan sama tun jiya. Ban yi kuka ba, albasa na yanka.

Talata, 15 ga Agusta, shida na yamma

Ba labari. An sa ranar baftisma, Lahadi mai zuwa, daga coci a wuce gidan Makka shan gahawa. Bolethe ce ta gaya mini, tana goge tebur ɗin da ta riga ta goge. Ta ce kowa da kowa aka ce. Na ce ai ni ma kowa ce.

Yau ba a goge allon ba. Wataƙila mantawa ta yi.

Laraba, 16 ga Agusta, uku na yamma

Yana bukkar ƙarshe. Wani tsoho ɗan Japan ya kwana tare da shi, ya nuna mini hoto a wayarsa: ya rame, yana zaune a kan dutse, baya ga mai ɗaukar hoton, yana kallon mashigin teku. Tsohon ya ce da safe ya ce masa su ƙarasa tare, tafiyar yini ɗaya ce ta rage. Efraim ya yamutsa hanci. Tsohon bai san a wurinmu wannan a'a ce ba, ya tsaya yana jiransa har rabin awa.

Na ɗora tukunya, na ce gobe zai shigo.

Alhamis, 17 ga Agusta, bakwai na yamma

Bai shigo ba. Mutum shida sun iso yau, duk sun gan shi, a dutsen nan dai. Kwana uku ke nan yana wurin.

Ya taka kilomita ɗari da sittin ya je, ya taka ɗari da arba'in ya dawo, ashirin ɗin ƙarshe ta gagare shi. Na san abin da yake gani in ya hau tudun ƙarshe: tasha, da jirginsa a ɗaure, da rufin gidan Makka.

Na gaya wa Bolethe gobe da jibi ba ni nan. Ta ce da wannan gwiwar? Na ce da ita. Ta ce karnukan fa. Na ce su yi azumi. Ta ce mijinta zai kai musu kifi, ba don ni ba, don kukansu yana hana unguwa sakat. Ta ara mini sandunan da wani baƙo ya manta.

Juma'a, 18 ga Agusta, bakwai na yamma, a bukka

Shekara hamsin da takwas a garin nan, kullum ina yi wa masu jakar goyo dariya, yau ga ni da sanduna biyu kamar gizo-gizo. Awa goma na yi. A hanya na haɗu da baƙi huɗu suna gangarowa, ɗaya ya tambaye ni ko garin yana da nisa, kuma me ake yi a can. Na ce akwai allo.

Na hango jar rigar tun daga kan tudu. Shi ma ya hango ni, ya miƙe, bai zo ba, bai gudu ba. Da na iso na zauna a kan dutsensa don ƙafafuna sun daina jin magana. Ya durƙusa ya kwance mini takalmi. Ya ce, "Tuperna, gwiwarki." Na ce gwiwata ba ruwanka, ba ni tabar nan. Ya miƙo, na zuba ta a jakata.

Ya dafa kifi, muka ci. Na gaya masa Ivaana ta sauka, namiji ne, jibi za a sa masa suna. Ya ajiye cokali. Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama.

Sannan ya gaya mini. Daga fitarsu tasha shi da Qillaq har lokacin da ya kashe inji ya zauna shi kaɗai yana kiran suna cikin hazo. Abin da bai gaya wa 'yan sanda ba don ba su tambaya ba, da abin da bai gaya mini ba don ban bari ba. Ni na hana. Ranar da ya dawo na ce masa ba sai ka ce komai ba, na san ba laifinka. Ashe wannan ma shiru ne, irin na mutanen gari, nawa dai da miya a kai.

Ba zan rubuta shi a nan ba. Nasa ne, da na Makka da Ivaana in sun so ji. Abin da zan rubuta shi ne ruwan Yuli yana kashe yatsu kafin mutum ya gama addu'a ɗaya, duk wanda ya taɓa tsoma hannu a ciki ya sani, kuma duk masu shirun nan sun taɓa.

Ya ce ba zai iya shiga garin ba. Na ce, "Kwana ashirin da biyu ina shiga garin nan ni kaɗai, safe da yamma, ina ɗaga kai a madadinka. Wuyana ya gaji, Efraim. Gobe kai za ka ɗaga naka."

Ya tashi ya fita. Yana waje yana wanke tukunya, ya fi minti ashirin a kan tukunya ɗaya.

Asabar, 19 ga Agusta, takwas na yamma

Mun iso. Ya ɗauki jakata a gaba, tasa a baya. A tudun ƙarshe ya tsaya, na wuce shi ban waiwaya ba, ina ƙirga taku. A na arba'in na ji duwatsu suna motsi a bayana.

Karnuka suka gane shi tun daga nesa, suka tayar da unguwar gaba ɗaya. Ya so mu bi ta bayan makaranta. Na ce gwiwata ba ta son hanyar nan, ta bakin kanti za mu bi.

Lahadi, 20 ga Agusta, biyar na yamma

Ya aske gemu, ya sa farar rigarsa ta coci. A coci mun zauna mu biyu a bencin mutum shida. Da fasto ya kira yaron Qillaq, Efraim ya riƙe gefen bencin.

Takalma sun cika ƙofar Makka har kan matakala. Muka ajiye namu a ƙarshe. Muna shiga falo cokula suka daina ƙara. Babu wanda ya matsa mana, babu wanda ya fita. Muka tsaya a bakin ƙofa kamar masu kawo wasiƙa.

Makka ta tashi. Ba ta dube ni ba, ba ta dube shi ba. Ta je wurin Ivaana ta karɓi jaririn, ta zo da shi har gabanmu tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, yadda take yi wa Qillaq na farko. Ta ce, "Ɗana, ga Efraim ya zo." Sannan ta ɗago. "Karɓi abokin tafiyarka. Ka riƙe shi da kyau."

Ya karɓa. Wani ya tura masa kujera, bai gani ba, a tsaye ya riƙe shi. Yaron ya yi hamma ya koma barci. Hira ta dawo kaɗan-kaɗan, aka zuba mini gahawa, na sha, aka ƙara. Shi yana nan inda yake, gumi yana bin wuyan farar rigar.

Da yaron ya farka yana neman nono, Ivaana ta taso. Tun shigowarmu ba ta ɗaga ido ba. Ta miƙa hannu, Efraim ya kasa buɗe nasa. Yana so, na ga yana so, yatsun ne suka ƙi. Ta jira. Duk falon ya jira.

Ta ce, "Saki, Efraim. Na riƙe shi."

Ya saki.

Abin da ta ce masa ke nan duk yinin, ban sani ba ko yafiya ce, ban kuma tambaya ba. Makka ta yanka masa kek da hannunta, ya cinye. Muka tashi don na bayanmu su samu wuri, muka nemo takalmanmu a cikin tarin, muka taho gida ta tsakiyar gari, a hankali.